Finjalin Da Ya Ƙi Girgiza

Yayana Khalfan ya shekara hamsin da tara a tsibirin Masira bai taɓa ganin kifin Yunusa ba. Taku ɗari ne tsakanin ɗakin da aka haife shi da bakin teku, ubanmu kuma matuƙin jirgin ruwa ne da har yau tsofaffi ke ambata, amma ko jelar kifin bai taɓa hangowa ba. Dabbar da ta fi motar bas tsawo, take zuwa bayan garinmu duk shekara tana feso ruwa sama tana tsalle kamar an biya ta. Yara sun gani. Likitan haƙorin da aka turo mana bara ya gani a satinsa na farko. Ina da yaƙinin akuyoyin bakin gaɓa ma sun gani.

Ba wai bai nema ba ne. Sau huɗu ya fita. A na farko kifin ya taso yana cikin sujada. A na biyu ya sunkuya yana taya ɗan kawunmu Mabruk duba inji. A na uku tabaransa ya faɗa ruwa. A na huɗu atishawa ya yi, guda ɗaya tak, kafin ya ce alhamdulillahi an gama komai. Tun ranar Mabruk ya raɗa masa Bai-Gani-Ba, sunan ya bi shi har kan katin gayyatar biki.

Shi dariya yake yi idan an kira shi da shi. Ni na daina dariyar tun da na raka shi wurin likitan ido a Maskat, babban birnin ƙasarmu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganin gefe da gefe ya riga ya tafi, abin da ke gabansa sak kaɗai yake gani kamar mai leƙe ta bututu, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake. Muka hau jirgin fito za mu dawo gida. Sannan Yaya ya ce, "Zuwaina, kada kowa ya ji. Amma ina so in ga kifin nan." Na kawar da kai don kada ya ga hawayena, na manta a gefensa nake zaune.

To, Mabruk ba ya kai jirginsa can cikin zurfi inda kifin ke kiwo sai ranar da babban jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tsaya. Na wannan Talatar kuma shi ne na ƙarshe a bana. Bayansa iska za ta taso a janye jirage kan tudu, baɗi kuwa ban san abin da zai rage a idon Yaya ba. Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, don haka ni ce tafintar Mabruk. Na ce masa Yaya zai bi mu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To bari in gaya wa kifin ya shirya wurin ɓuya."

Da hantsi jirgin ya tsaya nesa da gaɓa, fari fat, hawa goma sha ɗaya, ya fi garinmu duka yawan tagogi. Gari ya rikice kamar yadda ya saba. Mazan da sai Sallah suke ɗaura wuƙar ado duk sun ɗaura, mai shagon taya ya koma mai sayar da turare, an wanke raƙumin maƙwabcinmu Hamud da sabulu. Ni duk wannan bai dame ni ba. Abu ɗaya nake tsoro, butar gahawar Yaya.

Shekara talatin da uku ya yi yana zuba gahawa a majalisar hakimi, kuma aikin ya shiga jininsa fiye da kima. Buta a hagu, finjali a dama, a zuba ɗan kaɗan. Mai zubawa ba ya zama, ba ya ba baƙo baya, ba ya ɗauke ido daga hannun baƙo, har sai baƙon ya girgiza finjalinsa alamar ya ƙoshi. In bai girgiza ba, ƙari yake so. Kowa ya san wannan, amma kowa yana ɗan sassautawa, ban da Khalfan. An taɓa gobara a kicin ɗin majalisa yana tsaye gaban wani baƙo mai jan magana, sai da aka ɗauke su su biyu aka fitar.

Saboda haka tun asuba na ɓoye butar a cikin injin wanki. Da ya iso bakin jirgi na ga rigar hana nutsewar da ya saka ta yi tudu a gaba kamar mai cikin wata bakwai.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ƙiba ce."

"Ƙiba mai baki da murfi?"

Ya zaro ta yana sheƙi, ga fulas biyu manya a jaka, ga kwanon dabino. "Jirgin babanmu ne wannan, Malama, ko da Mabruk ke tuƙa shi. Baƙo zai taka shi ya sauka bai sha komai ba? Me za a ce da mu?"

"Za a ce ka ga kifi!"

"Zan gani. Zagaye ɗaya ne kawai in zauna."

Na san halin kayana, don haka na riga shi. Kafin baƙinmu goma sha biyu su hau, na tara su can gefe inda ba zai ji ba, na yi musu magana da muryar da nake yi wa 'yan aji uku. Na ce za a ba su gahawa, kowa ya sha ɗaya, ya girgiza finjalin haka, ya miƙa. Na sa suka gwada da hannu. Duk suka gyaɗa kai, har da wani gajeren tsoho da ya iso a makare, farar rigarsa ta sha guga, baƙin takalminsa na ɗaukar ido. Amadeu sunansa, mutumin Fotugal. Daga baya na gane Turancinsa duka na cikin takardar abinci ne: miya, kifi, nama, na gode. Gyaɗa kan nan da ya yi ladabi ne kawai.

Muka yi tafiyar awa ɗaya da rabi, ruwa ya tashi daga kore ya koma baƙi-baƙi. Mabruk ya rage gudu, Yaya ya fara zagaye. Goma sha ɗaya suka yi abin da na koya musu kamar sun shekara suna yi. Wata Ba'amurkiya ma hannunta na rawa tun kafin ta kai baki saboda juwa. Yaya ya tsaya yana shakka, ya ce girgizar ruwa daban, girgizar mutum daban. Na ce masa ni ce tafinta, kuma na fassara ta ƙoshi.

Sai aka zo kan Amadeu. Yana zaune ya jingina da ɗakin tuƙi yana fuskantar teku, don haka Yaya ya tsaya gabansa, bayansa ga ruwa. Tsohon ya karɓi finjali da yatsu uku, ya shaƙi ƙamshin, ya kurɓe, ya lumshe ido. Ya miƙo shi a tsaye cak, ko motsi babu. Yaya ya ƙara. Ya shanye, ya miƙo. Yaya ya ƙara.

A finjali na biyar aka ji wani huci kamar an buɗe ƙatuwar tukunyar da ta tafasa. Mutane suka yi ihu suka ruga gefe ɗaya da wayoyi a sama. Ga kifin nan, baƙi wuluk, bayansa na fitowa daga ruwa yana fitowa kamar ba zai ƙare ba, taku ashirin daga ƙeyar yayana.

"Yaya, juya! Don girman Allah juya!"

"Baƙo na riƙe da finjali."

"Baƙon nan zai riƙe shi har tashin ƙiyama!"

"To sai mu tashi tare."

Mabruk ya leƙo ta tagar ɗakin tuƙi bakinsa har kunne. "Bai-Gani-Ba, mutuminka na gaisuwa! Wallahi har hannu yake ɗaga maka!"

"Ka ce ina amsawa," in ji Yaya, ya zuba na shida.

Na matsa zan yi wa tsohon bayani, Yaya ya tare ni da gwiwar hannu ba tare da ya dube ni ba. "Kul. Ki ce wa baƙo ya daina sha? A gabana? Zuwaina, in kika yi wannan ba ni ba ke." Shekara hamsin da biyu ina ƙanwarsa, na san lokacin da yake wasa, wannan ba ya ciki.

Na koma bayansa inda ba ya gani, na ɗaga hannu ina karkaɗa wa Amadeu yatsu kamar mai riƙe da finjali, ina zare masa ido. Ya dube ni da tausayi ƙwarai, ya laluba aljihu da ɗaya hannun, ya miƙo mini alewar na'ana'a. Wai juwa ke damuna.

Na canza dabara. Na kama hannun tsohon cikin girmamawa na kai shi ɗaya gefen jirgin, na zaunar da shi bayansa ga teku, yadda Yaya zai fuskanci ruwa ta saman kansa. Dabara ce mai kyau, har yanzu ina alfahari da ita. Kifin ya nutse, ya bi ta ƙarƙashinmu, ya ɓullo daidai inda muka baro. Na ce Mabruk ya juya jirgin. Ya juya. Kifin ma ya juya. Ba na zargin dabba da mugunta, amma abin da na gani ke nan.

"Mabruk, ka ga igiyar ruwan can? Ba ta gefen jirgi."

"Kin haukace? Baƙi fa na ɗauko."

"Ba ta gefe, na ce, ko in gaya wa matarka wanda ya cinye halawar bikin 'yarta."

Ya ba ta gefe. Jirgin ya tashi ya faɗo, kowa ya zube kan ɗan'uwansa, hular wani Bajamushe ta tafi Indiya, kwanon dabino ya kife, ni kaina sai ga ni zaune a cikin bokiti. Da na ɗago, mutum biyu ne kawai ba su san an yi ba. Yaya na tsaye ƙiƙam da butarsa. Amadeu kuwa jikinsa duka ya karkace, amma hannun da finjalin suna nan daidai kamar an kafe su da ƙusa, ko ɗigo bai zuba ba.

Suka dubi juna. Na ga fuskar yayana ta yi laushi irin yadda ban gani ba tun ranar aurensa.

"Kin ga hannu, Zuwaina? Shekara talatin da uku ban ga hannu irin wannan ba."

"Na gani. Karya shi nake so in yi."

Tsohon ya lura ana maganar hannunsa. Ya zaro wani tsohon hoto daga walat: shi ne yana saurayi cikin baƙar kwat, yana hawan bene da faranti ɗauke da kofunan gilashi sun fi ashirin. Ya nuna da yatsu, arba'in da huɗu. Shekara arba'in da huɗu yana kai wa mutane abinci a tebur, bai taɓa zubar da komai ba, kuma ga alama bai taɓa mayar wa mutumin da ke tsaye kansa abin da ya zuba masa ba. Wato duk duniya, cikin mutum dubu biyu da ke cikin wancan jirgi, an rasa wanda za a turo mana sai Khalfan na ƙasar Fotugal.

Finjali na goma sha huɗu. Na goma sha biyar. An buɗe fulas na biyu. Idanun tsohon sun fito, gumi na bin wuyansa, ƙafarsa ɗaya na kaɗawa da kanta, amma hannun ko gezau. Kifin ya yi tsalle sau biyu, baƙi suka yi ta tafi. Sai ya ɗaga jela sama ya shige, teku ta yi shiru.

Mabruk ya duba agogo. "Shi ke nan, jama'a. Ƙarfe uku da rabi ƙaramin jirginsu na ƙarshe zai bar gaɓa. Bai-Gani-Ba, kada ka damu, sai baɗi. Kifi ba ya ƙarewa."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Wane baɗi? Wane baɗi, Mabruk? Idonsa tafiya yake! Likita ya faɗa, baɗi ko kai ba lallai ya gani ba, balle kifi!"

Na yi alkawari na karya, a gaban mutumin da ya fi kowa tsokanarsa. Yaya bai juyo ba, amma na ga wuyansa ya sandare. Dariyar da ke fuskar Mabruk ta tsaya a inda take, ta rasa inda za ta. Ya ce, "Khalfan?" Rabon da in ji ya kira shi da sunansa tun ranar atishawar nan.

Tunda na riga na ɓata, sai na ƙarasa. Na durƙusa gaban Amadeu, ni da na shekara ashirin da shida ina jan kunnen yara kan nahawu, na yi masa Turancin takardar abinci. Na nuna teku na ce, "Kifi." Na nuna Yaya na kaɗa kai, "Bai taɓa ba." Na nuna idona biyu na ce, "Ya kusa ƙarewa." Ban ce masa ya daina sha ba, Allah shaida.

Tsohon ya dubi Yaya, ya dubi inda yake tsaye, ya dubi tekun da ke bayansa. Sai ya miƙe, ya zaro farin hankici ya ɗora a damtsensa, ya miƙa hannun hagu ga butar.

"Me yake so?" in ji Yaya.

"Butar."

"Baƙo ba ya riƙe buta."

Amadeu ya kama hannun butar, Yaya ya riƙe gam. Tsofaffi biyu suna ja-in-ja a tsakiyar teku cikin ladabi, kowa na sunkuyar wa ɗan'uwansa da kai, babu wanda ya zubar da ɗigo. Na ce, "Yaya, kai da bakinka ka yaba hannun nan. Hannun baƙo ne?" Ya ƙura wa hannun ido. Can ya ce, "A'a. Na ɗan sana'a ne." Ya saki.

Tsohon ya zaunar da shi a mazauninsa, fuska ga ruwa. Ya ɗauki finjali da dama, ya zuba ɗan kaɗan daidai yadda ya ga ana yi sau goma sha bakwai, ya tsaya a ɗan gefe don kada ya tare masa gani. Yaya ya karɓa kamar an ba shi jariri. Ban taɓa ganin an zuba masa gahawa yana zaune ba.

Teku kuma ta ƙi motsi. Minti biyar, minti goma. Bajamushen ya fara nuna agogo. Daga can nesa babban jirgi ya busa ƙaho. Na dubi Mabruk, na ga ya miƙa hannu, na ɗauka giyar inji zai saka mu tafi. Kashe injin ya yi gaba ɗaya.

"Mabruk, za su tafi su bar su."

"Su bar su. Akwai ɗaki a gidana." Ya leƙa ruwa ya daka tsawa. "Kai kuma fito, ɗan banza! Shekara nawa kana yi wa mutum wulaƙanci!"

Ba zan ce ya ji ba. Amma ruwan gabanmu ya kumbura, ya tsage, kifin ya taso a tsaye gaba ɗayansa, farin cikinsa mai layi-layi, dogayen hannayensa a buɗe, ruwa na zuba daga jikinsa. Ya tsaya a sama kamar yana tunani, sannan ya faɗo da bayansa. Ƙarar ta shiga har haƙorina, feshin ya jiƙa mu sharkaf. Sak gaban Yaya, a tsakiyar bututun.

Babu wanda ya yi tafi wannan karon, ko kuwa ni ce ban ji ba. Abin da na ji shi ne wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas. Hannun yayana ne ke rawa, finjali na bugun zobensa. Hannun da gobara ba ta girgiza ba.

Amadeu ya matso da buta zai ƙara, ya ga finjalin na kaɗawa, ya dube ni. Na ce, "Ya ƙoshi. In an girgiza, an ƙoshi." Ya tsaya. Ya dubi finjalin, ya dubi hannunsa, ya dafa cikinsa, ya faɗi wata doguwar magana da harshensu wadda ba na jin tana cikin takardar abinci. Mabruk ya yi dariya har hawaye, ko da yake ina zaton hawayen sun riga dariyar zuwa.

Mun iso gaɓa a makare da minti ashirin, wani jami'in jirgi mai fararen kaya na tsalle yana nuna agogo. Sai da ya ƙara jiran wasu goma, domin Amadeu na taka ƙasa ya zura da gudu zuwa banɗakin masallaci, takalmin nan nasa na walƙiya. Da ya fito ya rungumi Yaya, Yaya ya cusa masa finjalin a aljihu.

Mutanen bakin gaɓa suka taso kamar kullum. "Bai-Gani-Ba, yau kuma me ya hana?" Mabruk ya ce duk wanda ya sake faɗin sunan nan zai sha ruwan teku, alhali shi ya ƙirƙiro shi.

Yaya ya juya. Ya koma cikin jirgin ya zauna inda aka zaunar da shi, rigarsa a jiƙe, idanunsa a rufe ruf.  Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Yaya, lafiya? Idon ne? Ka yafe mini abin da na faɗa."

"Yi shiru, Malama," ya ce, bai buɗe ba. "Gwadawa nake in ga ko kifin zai zauna in an kashe fitila."

Na jira. "To?"

Ya yi murmushi. "Yana nan. Har yanzu bai faɗo ba."